Batirin Mukhtari da Sunan Baballe

Duk direban da ya taɓa murɗa mukulli a gonakin noman rani tsakanin Kura da Bunkure, ya ji motarsa ta ce ƙas-ƙas ta yi shiru, to ya san ƙanena Baballe. Shi ne mai tsohon babur ɗin nan, da baƙin gilashi mai faɗi a fuska, da 'yar jaka rataye a kafaɗa kamar ta wanzami. A cikin jakar abin da yake ci da shi yake: wani ɗan akwati da bai fi burodi girma ba, da wayoyi biyu masu baki irin na awartaki, ɗaya ja, ɗaya baƙa. Samari suna ce masa fawa-bankin mota, don cajinsa ake yi kamar na waya, in batirin mota ya yi sanyi a jona a tayar. Shi kuwa Farfaɗau yake kiransa. Ni yayarsa ce, Rekiya, mai tuwo a rumfar bakin kanal inda ake lodin tumatir. Ni zan ba da labarinsa, don in aka bar shi da kansa sai ya rage wa mugu laifi.

Sunansa na yanka Muhammadu Sani, sunan kakanmu na wajen uba. Ni jika ce, ina da damar faɗa, in na ga dama ma in haɗa da tsokana. Amma mahaifinmu, Malam mai makarantar Islamiyya a unguwarmu, wanda ni ma ba za ku ji sunansa a bakina ba, ina shi ina kama sunan mahaifinsa? Tun ranar suna ya ce Baballe, in ransa ya yi fari ya ce Babana. Yaro yana rarrafe da majina, Malam da gemunsa zai sunkuya ya ce, "Babana, an tashi lafiya?" Mu sauran 'ya'yan har haushi muke ji, don in aka yanka kaza, cinya ta Baba ce.

Malam ya so Baballe ya gaje shi a makaranta. To amma yaro tun yana ƙarami, da ya ji ƙugin tarakta a gonar shinkafa sai ya jingine allo. Ya yi karatu daidai gwargwado, sai dai zuciyarsa na kan sitiyari. Malam bai so ba, don a wajensa direba da ɗan tasha duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Ya haɗiye dai, ya ce uba ba a yi masa dole. Ya sa masa albarka da sharaɗi guda: kada ya kwaso masa halin tasha ya kawo gida.

A nan Mukhtari ya shigo, Allah ya isa tsakanina da shi. Ɗalibin Malam ne, a hannunsa ya sauke, irin mutanen nan masu durƙuso har ƙasa da murya kamar an shafa mata man shanu. In ya gaishe ka sai ka ji kamar ka ba shi kyautar gona. Mahaifinsa ya saya masa akori-kura yana kwaso tumatir da albasa daga gonaki zuwa bakin titi, ya ɗauki Baballe direba. Mukhtari yana da wani hali, ba ya canza abu sai ya ga gawarsa. Taya sai ta nuna zare, birki sai ya koma addu'a.

Wata rana da hantsi, can ƙarshen kanal inda babu kowa sai balbela, motar ta ƙi tashi. Suka buɗe bonet, batir ya yi ciki ya kumbura, yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Baballe ya ce a kwance shi gaba ɗaya a sa wanda suke ajiyewa a bayan kujera. Mukhtari ya ce ɓata lokaci ne, rana na yi. Ya ɗauko ɗaya batirin ya ɗora a gefe, ya kama sifana biyu zai haɗa kan wannan da kan wancan, yadda gaggawa ke sa mutane yi. Baballe ya sunkuya zai riƙe masa hannu. Sifana ta taɓa, tartsatsi ya tashi, batir ya fashe. Mukhtari ko ƙwarzane bai yi ba, rigarsa ce kawai ta huje. Ƙanena kuwa ruwan batir ya wanke masa rabin fuska. Likita ya ce da bai rarrafa ya tsoma kansa a kanal ya yi ta wankewa ba, da duka idanun sun tafi. Na hagu dai ya tafi.

Yana kwance a asibiti a Kano, an naɗe masa kai ba ya ganin komai, Mukhtari ya zo zauren Malam. Tsoro yake ji kada mahaifinsa ya ƙwace motar, kada kuma gari ya ce shi ya makantar da ɗan malaminsa. Ya durƙusa, ya matso 'yan hawaye, ya buɗe tafin hannu ya nuna guntun taba. Ya ce a kan injin ya tsince shi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na daɗe ina rufa masa asiri. Ya sunkuya da ita a baki, ni kuma ina ce masa ya kashe." Ina tsakar gida ina jin komai. Na zaro muciya daga tukunya na nufi zaure, mahaifiyarmu ta riƙe ni. Har gobe ina jin haushin riƙon nan.

Ranar da aka sallamo Baballe ya shiga zaure ya durƙusa. Malam bai ɗago daga littafin da ke gabansa ba. Ya ce, "Sani, ka dawo?"

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Mahaifiyarmu tana bayan ƙofa, sai jin faɗuwar kwano muka yi. Mutumin da bai taɓa furta sunan nan ba tun da aka haife mu, yau ya jefo shi haka tsirara, ba Malam, ba Muhammadu. Baballe ya ce a ba shi Alƙur'ani ya dafa. Malam ya ce, "Wanda ya iya ɓoye mini taba zai iya dafa komai. Mahaifina bai taɓa kai ta bakinsa ba. Sunan ya tashi daga nasa, ya koma na kowa. Sani nawa ne a tasha?" Bai kore shi ba, bai zage shi ba, bai hana shi tuwo ba. Amma daga ranar, safe da yamma, Sani. Kuma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi idon ba.

Na yi magana har na gaji. Malam ya ce ni mace ce mai zafin kai, kuma Mukhtari ɗalibinsa ne, ba zai yi masa ƙarya ba. Mahaifiyarmu ta rasu da abin a ranta. Gari kuwa ya samu abin taunawa: ɗan Malam ne taba ta cinye wa ido. Babu mai ba shi mota, wa zai ba mai ido ɗaya, mashayi kuma? Shi kuma Mukhtari sai ƙiba yake, ya zama dillalin tumatir, yana saye a gona yana kai wa manyan motocin da ke tafiya Kudu. In aka zauna hira a rumfata aka zo kan maganar batir, sai ya gyara hula ya ce, "Batir ba ya fashewa haka kawai. Ni na sha haɗa kumburarre. Sai an kai masa wuta, ku tambayi ɗan Malam." Na taɓa juye masa miya a takalmi na ce hannuna ne ya kuɓuce.

Wani zai ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Baballe bai gudu ba, wajen macijin ya koma. Ya shiga shagon wani mai cajin batir a Kura ya zauna shekara da shekaru, har ya zama in ya shinshina batir ya san lafiyarsa. Ya yi aure, ya buɗe nasa ɗan shagon. Ranar da ya ga akwatin nan a kasuwar kayan mota a Kano, sai ya yi ta juya shi a hannu, mai kaya ya zaci ciniki yake ja. Ya dawo ya ce mini, "Yaya, da akwai wannan a lokacin, da ba wanda zai ɗauki sifana." Na ce da akwai shi ma Mukhtari ba zai saya ba.

Ku zo ku ga Baballe yana aiki, sai ku rantse alwala yake yi, komai da jerinsa, ba ya tsallake gaɓa. In ya iso ba ya ko taɓa jakarsa sai ya ce direba ya kashe komai, fitila da rediyo, ya zare mukulli ya miƙo masa a hannu. Sannan ya kori jama'a baya. Mu nan kun san mu, in aka buɗe bonet sai kowa ya cusa kai kamar ana rabon nama. Shi kuwa sai ya nuna idonsa ya ce, "Wanda yake da na sayarwa ya matso." Nan da nan fili ya samu.

Sai ya duba batir, ya shinshina, ya ɗora bayan hannu ya ji ko da zafi. A nan ne yake raba sumamme da matacce. Ya ce yawancin abin da direbobi ke cewa ya mutu, suma ya yi: an bar fitila a kunne, ko mota ta daɗe a ajiye. Wannan shi Farfaɗau ke tayarwa. Amma wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake yoyo, ko yake warin ƙwai, wannan gawa ce, ba a jona masa komai, sai dai a kwance shi a hankali a fitar. Ya ce tada matacce ba aikin ɗan Adam ba ne, ko a batir.

Akwai abin da yake yawan faɗa da direbobi a kai. Kowa ya haddace ja da ja, baƙi da baƙi. To a garin nan, mai gyaran waya in ja ce ta rage masa a shago, ita zai sa maka ko'ina. Baballe ya sha tarar da jar waya a kan da ya kamata a ce baƙa ce. Shi ya sa ba ya yarda da launi. Yana goge kan batir ya nemi alamar tarawa da ta ɗebewa, in datti ya cinye su ya sa babban yatsa ya laluba, don kan tarawa ya fi kauri. A nan yake maƙala jan awartaki tukuna. Baƙin kuma ba ya son sa shi a jikin batir, sai ya nemi tsiraran ƙarfe a jikin injin, nesa kaɗan, don in tartsatsi zai tashi ya tashi can. In akwatin ya nuna koriyar wuta, sai ya mayar wa direba mukulli ya ce, "Murɗa, kada ka niƙa." In ba ta tashi ba a huta kaɗan a sake. In kuwa akwatin ya yi kuka, to an juya, ba ya danna komai don ya tilasta shi, cirewa yake ya sake dubawa. Mota na tashi ya cire baƙi, sannan ja, ba ya barin bakunansu su haɗu. Tirela mai batir biyu kuwa ko za ka yi masa kuka ba zai jona ba, ya ce ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Akwatin ba ya kwana ba caji, ba ya zama a rana. A inuwar rumfata yake rataye jakar, kusa da randa.

Duk wannan natsuwa da kuke gani, ni na san abin da ke ƙarƙashinta. Baballe bai yafe ba. Ba ya zagi, ba ya kai ƙara, amma in akori-kurar Mukhtari ta wuce sai ya bi ta da idon nan guda har ta ɓace. Na ce masa, "Kai wane irin namiji ne? Bari in tara masa 'yan lodi su farfasa masa gilashi." Ya ce, "Yaya, gilashi ake sayarwa a kasuwa. Abin da ya ɗauka mini ba a kasuwa yake ba. Bakin da ya fitar, shi zai mayar."

A tsakiyar kakar tumatir ta bana sai na ga Baballe ya lizimci rumfata. Da, sai an kira shi a waya yake zuwa. Yanzu tun safe zai kafe babur, da sabon batir ɗaure a baya, ya zauna yana jan tuwo ɗaya har azahar. Na ce lafiya? Ya ce, "Motar Mukhtari ta wuce ni shekaranjiya. Na ji warin." Ya ma gaya wa Mukhtari a gaban mutane, don kada a ce bai faɗa ba. Mukhtari ya yi dariya ya ce mai ido ɗaya ya koma gani da hanci. Baballe ya ci gaba da cin tuwonsa.

Rana dubu ta ɓarawo. Ranar mai kaya ta zo da zafin rana irin wanda ke dafa tumatir a kwando. Mukhtari ya cika akori-kura har sama da kayan da ya saya da kansa, babbar mota na jiransa a bakin titi za ta tashi. Daidai gangaren da ke gaban rumfata, inda ruwan kanal ya ɓalle ya yi laka, motar ta mutu. 'Yan lodi suka gwada turawa, ina! Taya ta nutse, ga kaya, ga kanal a gefe ɗaya, ga gonar albasa a ɗaya gefen. Hanyar kuma siririya ce, ya toshe ta, wata mota ba ta iya ƙarasowa. Jama'a ta taru, har da Hamma, tsohon da ke buɗe ruwa yana rufewa, wanda duk yankin nan in ya ce ya gani to an gama.

Mukhtari ya yi ta kiran waya, ya yi ta zagaye. Daga ƙarshe ya tako rumfata yana murmushin nan nasa. Ya ce, "Yaya Rekiya, sannu da aiki." Na ce aiki na mai shi. Ya juya ya ce, "Baballe, ɗan uwa, a taimaka."

Baballe ya wanke hannu a natse, ya gyara gilashi, ya rataya jaka. Ya karɓi mukulli, ya kori mutane baya, ya ɗaga bonet. Daga inda nake na ji warin. Batir ya yi ciki, gefensa ya jiƙe. Baballe ya duba, ya ja da baya ya ce, "Wannan matacce ne. Ba na jona shi."

Mukhtari ya ce, "Haba, sau ɗaya kawai, ta tashi in kai titi."

"Ba na jona shi."

Nan mutane suka fara gunaguni, wasu na cewa ramuwa ce, wasu na cewa a ji tsoron Allah. Mukhtari ya ga jama'a na bayansa, sai bakinsa ya buɗe. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, mugunta ce kawai! Batir ba ya fashewa don an jona shi. Sai an kai masa taba, kai ka fi kowa sani!"

Na ga kafaɗar ƙanena ta sauka, kamar wanda ya daɗe da kaya a ka aka sauke masa. Ya ce, "Baba Hamma, ka ji?" Hamma ya ce ya ji. Baballe ya waiwaya ya ce, "Akwai mai shan taba a nan?" Aka ce babu. Ya zaro awartakin nan biyu daga jaka, wayarsu na ciki, ya miƙa wa Mukhtari. Ya ce, "To ga shi. Babu taba, babu ashana. Ni matsoraci ne, kai ka sha haɗa kumburarre. Jona da hannunka, duka biyun a kan batir, yadda ka saba. Sai dai ka sunkuya sosai, ka ga alamar ta goge."

Ya cire gilashinsa ya sa a aljihu. Ban taɓa ganin ya cire shi a cikin mutane ba. Ramin idon da tabon ƙunar suka fito fili, ya tsaya dab da Mukhtari yana kallonsa da su.

Mukhtari ya karɓa, don babu yadda zai yi. Ya tako gaban mota. Ya kai hannu, warin ya buge shi, ya janye. Ya sake kaiwa, ya tsaya. Ya dubi batir, ya dubi fuskar Baballe. Gumi ya jiƙa masa hula. Ni kuwa ina riƙe da ludayi ina cewa a raina, sunkuya mana, ɗan albarka, sunkuya! Wani daga baya ya ce, "Alhaji, rana na yi fa." Hamma ya ce, "Jona mana, Mukhtari. Ba kai ka ce ba ya fashewa ba?"

Sai ya yar da su a laka ya yi tsalle baya. Ya ce, "Wallahi ba zan jona ba! Irin warin nan ne ranar! Sifana kawai na ɗora ya tashi!"

Kun san shirun da ake yi in liman ya yi mantuwa? Irinsa aka yi. Hamma ya tako a hankali ya ce, "Sifana ka ce? Shekara da shekaru muna jin taba."

Mukhtari ya fara kame-kame. Ya ce ba haka yake nufi ba. Hamma ya ce, "To ɗauki ka jona, sai mu san abin da kake nufi." Bai ɗauka ba. Ya durƙushe a gefen taya ya rufe fuska, ya ce guntun tabar a bakin titi ya tsinta.

Na yi guɗa. Eh, na yi, a tsakiyar maza, 'yar Malam guda, kuma in aka sake yau zan ƙara. Baballe ya sunkuya ya ɗauki awartakinsa ya goge laka, sannan ya jawo ƙarshen wayar daga jaka ya ɗaga sama kowa ya gani. Ba a jone take da komai ba. Farfaɗau yana can ajiye kusa da randata, tun da zai taso ya zare shi ya bari. Ya ce, "Ko da ka kai hannu da na buge shi. Ni ba na makantar da mutum." 'Yan lodi suka fashe da dariya har wani ya faɗa gonar albasa.

Mukhtari ya ɗago ya ce, "To na faɗa. Ga sabon batir can a babur ɗinka, sa mini, kayana za su lalace."

Baballe ya ce, "Ba nan ka kai guntun tabar ba. Hau babur."

Na bar tukunya a hannun maƙwabciyata na tari adaidaita, ni da Hamma muka bi su. Muka tarar da Malam a zaure, ya tsufa, ya rame, carbi a hannu. Mukhtari ya yi durƙuson nan nasa, yau dai babu man shanu a muryar. Ya faɗi komai, in ya yi tsallake Hamma ya ce, "Koma baya." Malam bai katse shi ba. Da ya gama, Malam ya ajiye carbi. Ya ce, "A hannuna ka sauke." Bai ƙara masa ko kalma ba, kuma na ga Mukhtari ya fi son a ce duka aka yi masa.

Sannan Malam ya juya wajen ƙanena. Bakinsa ya saba, ya fara, "Sa…" sai ya tsaya. Ya ce, "Matso in ga idon." Baballe ya ja gwiwa ya matsa. Malam ya sa hannu biyu ya riƙe fuskar, ya bi tabon da yatsa tun daga gira har kunci, abin da bai yi ba tun ranar da aka sallamo shi.

Ya ce, "Babana. Da zafi?"

Mutum mai 'ya'ya, mai furfura a gemu, ya kifa kai a cinyar tsoho yana kuka kamar an yaye shi. Ya ce, "Ya daina, Malam. Yanzu ya daina."

Sai bayan la'asar Baballe ya koma ya kwance mataccen batirin a hankali ya sa sabo, mota ta tashi bugu ɗaya. Babbar mota ta daɗe da tafiya. Tumatirin ya yi laushi yana zubar da ruwa, masu shanya kauɗa suka kwashe a yadda suka ga dama. Yanzu daga Kura har Kadawa, in ka ce Mukhtari sai a tambaye ka wanne, in ka ce Guntun Taba sai a nuna maka gidansa. Ni na raɗa masa, kuma ban saya masa rago ba.

Malam ya kira mu daga baya ya ce a yafe, Allah yana son masu yafiya. Baballe ya ce ya ji. Ni na ce, Allah gafarta Malam, sunan dai suma ya yi, ga shi ya farfaɗo. Ido fa? Mahaifiyarmu da ta tafi ba ta ji an wanke ɗanta ba fa? Malam ya sunkuyar da kai, bai ce mini mai zafin kai ba. Ya miƙa hannu ya jawo kwanon da aka kawo masa, ya lalubo cinyar kazar, ya ajiye a gaban Baballe.